Sir Edward Dunlop: Likitan Fiɗa da Ya Yi Aiki a Matsayin Fursunan Yaƙi

Wane ne Edward Dunlop, kuma ta yaya ya shiga aikin likita?

An haife shi a shekarar 1907 a yankin Wangaratta da ke jihar Victoria a ƙasar Ostareliya, kuma ya tashi a gidan manoma. Da harhaɗa magunguna ya fara a garin Benalla, kafin ya shiga Jami'ar Melbourne, inda ya kammala karatun likita a 1934. Dogo ne ƙaƙƙarfa, har ya buga wa ƙasarsa wasan zari-ruga. A 1938 ya tafi Landan ya sami shaidar ƙwarewa a aikin fiɗa.

Yaya aka yi ya faɗa hannun sojojin Japan?

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, ya shiga rundunar likitocin sojan Ostareliya, ya yi aiki a Falasɗinu da Girka da Tobruk ta Libiya. A farkon 1942 aka kai shi tsibirin Java da ke ƙasar Indonesiya ta yau, inda ya shugabanci wani asibitin soja a Bandung, kuma a can Japanawa suka kama shi tare da majinyatansa. A watan Janairun 1943 aka tura shi Tailan da ayarin fursunoni domin aikin layin dogo mai tsawon kilomita 415 da ya haɗa Tailan da ƙasar Bama (Myanmar a yau), aikin da ya ci rayukan fursunonin yaƙi kusan 12,000, baya ga dubun-dubatar 'yan ƙwadagon Asiya da aka tilasta wa aikin.

Da wane irin kaya yake jinyar mutane a cikin daji?

A nan ne darajarsa ta fi bayyana. Yunwa ta riga ta cinye mutanen, ga zazzaɓin cizon sauro, ga atini, ga kuma gyambo mai cin nama har ƙashi. Idan gyambo ya ruɓe, sai a wasa bakin cokali a kankare ruɓaɓɓen naman, sau da yawa ba tare da maganin kashe zafi ba, idan kuma abin ya gagara a yanke ƙafar, daga baya a ƙera wa mutum wata da gora ko katako. Da kwalara ta afka wa Hintok, ɗaya daga cikin sansanonin fursunoni a kan layin dogon, a daminar 1943, shi da abokan aikinsa suka riƙa tace ruwa ta hanyar tururi, su haɗa da gishiri, su yi wa majinyata ƙarin ruwa da robar abin sauraren bugun zuciya. Wani ɗan kasuwar Tailan mai suna Boonpong ya sayar da ransa yana shigo musu da magani a ɓoye.

Me ya sa tsofaffin fursunonin suka riƙe shi kamar uba?

A ganina, tsayuwar da ya yi tsakaninsu da masu gadi ta kai gwanintar hannunsa nauyi. Kowace safiya masu gadi kan buƙaci adadin ma'aikata ko da marasa lafiya ne, shi kuwa ya yi ta gardama a kan kowane mutum guda, ya kuma sha duka saboda haka. Tun a Java, da aka zo kashe Bill Griffiths, wani sojan Birtaniya da ya rasa idanu da hannaye, Dunlop ya shiga tsakani da jikinsa, kuma Griffiths ya rayu shekaru masu yawa bayan yaƙin.

Me ya yi bayan an sako shi?

Ya koma gida a 1945, ya ci gaba da fiɗa a Melbourne, musamman kan ciwon daji, bai kuma daina bibiyar lafiya da haƙƙin tsofaffin fursunoni ba. Ya koyar da likitoci a ƙasashen Asiya, ya jagoranci tawagar likitocin fiɗa zuwa Kudancin Biyetnam a 1969, shekarar da aka ba shi lambar girma ta Sir. Ya rasu a Melbourne ranar 2 ga Yuli, 1993, kuma a shekarar da ta biyo baya aka binne wani ɓangare na tokar gawarsa a Hellfire Pass, a kan tsohon layin dogon nan na Tailan.