Ma'anar "atomik" a sabunta kwamfuta

Tun da Fedora, ɗaya daga cikin masu fitar da tsarin kwamfuta na Linux, ta tara tsarukanta irin su Silverblue da Kinoite da ƴan'uwansu ƙarƙashin suna ɗaya, Fedora Atomic Desktops, a 2024, kalmar "atomik" ta shiga bakin matasanmu masu harkar Linux a Damagaram. Daga ɗaliban Jami'ar André Salifou har masu gyara na wajen Kasuwar Dole, sai ka ji ana cewa "sa masa atomik, ba ya lalacewa." Da yake kunnenmu a Nijar ya saba jin kalmar tare da uraniyom ɗin Arlit, wasu sun ɗauka ƙarfi ake nufi. Wannan fassara tana damuna ƙwarai, domin mai ita zai jingina da na'ura a inda ba ta yi masa alkawari ba.

Asalin kalmar Girkanci ne, atomos, wato abin da ba ya yankuwa. An raɗa wa ƙwayar zarra sunan ne lokacin da ake zaton ba ta rabuwa. Daga baya aka fasa ta, suna kuma ya riga ya bi ta. Masu kwamfuta ma'anar farko suka riƙe: aikin da ba shi da rabi. Kamar ɗaurin aure ne. Ko an ɗaura, an shafa fatiha, ko ba a ɗaura ba. Ba a tashi daga ƙofar gida da rabin aure.

A tsarin da muka saba, apt ko dnf, manhajojin girkawa da sabuntawa a Linux, suna musanya fayiloli ɗaya bayan ɗaya a cikin tsarin da kake aiki a kansa. A ce an ɗauke wuta cikin zafin Afrilu aiki na tsakiya, batir kuma ya daɗe da mutuwa: wani sashe sabo, wani tsoho, ka kunna ka tarar da baƙin allo. Silverblue kuwa a dunƙule tsarin yake zuwa. An kulle /usr, inda fayilolin tsarin suke, karatu kawai ake yi. In ka buga rpm-ostree upgrade, umarnin sabuntawa a Silverblue, sabon dunƙule ake ginawa a gefe, ba a taɓa wanda ke aiki, sai an sake kunna na'ura a hau sabon.

Kada ka yarda da faɗar kowa, gwada. Girka Silverblue cikin GNOME Boxes ko VirtualBox, manhajojin da ke ba ka na'urar gwaji a cikin kwamfutarka. Buga rpm-ostree status, ka rubuta lambar da ke da ɗigo a gabanta, ita ce wadda kake kai. Fara sabuntawa, ana tsakiyar saukewa ka kashe na'urar gwajin da ƙarfi. In ta tashi, lambar nan za ka tarar, lafiya lau.

Gwaji na biyu shi ne wanda ya fi rikita mutane. Bar sabuntawa ta ƙare tsaf, sannan ka sake kashewa da ƙarfi. Tsohon tsarin zai dawo, ka ce aiki bai yi ba. Dalili shi ne sabon dunƙulen ajiye shi aka yi yana jira, sai lokacin rufewa ta ƙa'ida ake rubuta shi cikin jerin da na'ura ke tashi da su. Mai yawan fama da yankewar wuta ya riƙe wannan: da zarar an gama, buga systemctl reboot, umarnin sake kunnawa ta ƙa'ida. Abin da aka riga aka sauke yana nan a faifai, forfenka bai tafi a banza ba.

Girka manhaja ma haka take. rpm-ostree install htop (htop ƙaramar manhaja ce ta duba ayyukan na'ura) zai ce ya gama, ka kira htop a ce babu, har sai ka sake kunnawa. Ni dai ban ga hikimar jibga fakiti ashirin ta wannan hanya ba: kowace sabuntawa sai an sake ɗora su, kuma ɗaya ya saɓa da sabon dunƙule, duk aikin ya tsaya. Manhajojin yau da kullum a ɗauko ta Flatpak, hanyar girka manhaja ba tare da taɓa dunƙulen ba, kayan masu rubuta manhaja a zuba cikin Toolbx, keɓaɓɓen wurin aiki da ke gefen tsarin.

Sai komawa baya, inda "ba ya lalacewa" ke cutar mutane. rpm-ostree rollback tsarin kaɗai yake mayarwa. Takardunka suna /var/home, manhajojin Flatpak suna /var/lib/flatpak, kuma /var guda ɗaya ce, tsoho da sabo duk ita suke amfani da ita. Kundin da ka goge bisa kuskure ba zai dawo ba, faifan da zafi da ƙura suka kashe ma haka. Dunƙule biyu kawai ake riƙewa, don haka in sabuntawa biyu a jere suka zo da matsalar wifi, mai kyan ya fita daga jeri. Ranar da komai ke aiki, firinta da sauti da wifi, buga sudo ostree admin pin 0 don a bar maka wannan, takardu kuma ka kwafe su a wani faifai na waje.