An Cire Zaren Ɗinki, Amma Malam Bai Dawo Daidai Ba

Ranar awo ce. Mata sun watse, ina haɗa katunan da suka rage, sai na ga mace ɗaya ta ƙi tashi daga kan benci. Na san ta, haihuwarta biyu ni na karɓa. Ta gyara goyo, ta leƙa ƙofa, sannan ta ce, "Malama, magana ce da ni, amma ba ta ciki ba ce. Tun da Malam ya faɗi a babur, wallahi wani mutum aka dawo mini da shi daban."

Shekararsu 14 da aure bai taɓa ɗaga mata murya a gaban yara ba. Yanzu kuwa kwanon tuwo yake wurgi da shi saboda an ce masa ya jira miya ta huce. Zai ci abinci, a ɗauke kwano, bayan ɗan lokaci ya ce an hana shi abinci tun safe. Yakan tayar da sallah ya tsaya a raka'a ta biyu, bai san ko ta nawa yake ba, sai ya zauna yana hawaye. Surukarta ta ce jifa ne. Yayansa ya ce lalaci ne kawai, ai ciwo ya warke, ga tabon nan ya bushe. Su kuwa matan unguwa, a bakin rijiya, har an fara cewa a bincike ta ita matar.

Ga yadda abin ya faru. Wata Alhamis ya ɗaura buhun riɗi biyu a babur zai kai kasuwar Maigatari, akuya ta gitta, ya taka birki a kan yashi, kansa ya daki gefen kwalta. Babu hular kwano. Daga asibitin kusa aka tura su Kano, ya kwana tara bai san inda kansa yake ba. Aka sayar da sa ɗaya cikin shanun huɗa, aka jinginar da gona. Da aka sallamo shi yana tafiya da ƙafarsa, gari ya cika gidan da barka da arziki. Bayan mako biyu ƙafar masu zuwa barka ta ɗauke. Daga nan ne ainihin jinyar ta fara, kuma ba wanda ya gaya musu haka.

Saboda irin wannan gida nake wannan rubutu, don a yankinmu na Gumel zuwa Maigatari ba su ne na farko ba.

Ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi, kusan kamar awara, tana zaune cikin ƙoƙon kai mai tauri. In kai ya bugu da ƙarfi, sai ta girgiza ta daki ƙashin ta ciki, ta kumbura, wani lokaci ƙananan jijiyoyinta su tsinke. Fatar kai takan warke cikin kwana goma, amma na ciki ba ya bin wannan lissafi. Kuma kowane sashe da aikinsa. Wanda ke bayan goshi shi ne birkin mutum: shi ke hana ka faɗin duk abin da ya zo bakinka, shi ke sa ka haɗiye fushi a gaban surukai, shi ke tsara maka cewa yau shara, gobe kai taki. Wannan sashe na cikin wuraren da suka fi jin jiki a faɗuwar babur. In ya taɓu, mai kunya sai ya koma mai ɓaro zance, mai haƙuri ya koma mai saurin hannu, mai himma ya wuni a gindin darbejiya bai ɗaga tsinke ba. Wannan zaman da yayansa ke kira lalaci, ciwon ne. Abin da ke tunzura mutum ya tashi ya fara aiki shi ne ya raunana.

Ban hana kowa addu'a ba, ni ma da ita na dogara. A yi tofi, a yi sadaka, a roƙi Allah. Abin da nake roƙo a bari shi ne duka da sunan fitar da aljani, da turara hayaƙi a ɗaki a rufe, da ɗaure mutum da mari. Kan da ya riga ya bugu ba ya buƙatar wata azaba.

Na ce mata ta gaya wa yayan mijin ina tafe. Ranar Asabar muka zauna a zaure, ni da shi da ƙanensu da mahaifiyarsu. Na fara da tambaya: "Alhaji, da ƙafarsa ce ta karye, za ka ce ya tashi ya bi shanu bayan wata ɗaya?" Ya ce a'a. Na ce to karaya ce wannan ma, sai dai a wurin da ido ba ya gani. Ya yi shiru, can ya ce, "To Malama, zai warke?" Ban yi masa alƙawari ba. Na gaya masa abin da aka sani: sauƙi ya fi zuwa da sauri a wata shida na farko, yana kuma ci gaba a hankali har shekara biyu ko fiye. Wasu sukan koma sana'arsu, wasu sukan rage da wani abu har ƙarshen rayuwa. Yadda gida ya riƙe mutum yana da tasiri sosai a kan inda zai tsaya. Tsohuwar ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Ni dai na ga ɗana ba ya kallona kamar da." Ban sami abin ce mata ba.

Maganar fushi muka fi daɗewa a kai, don ita ce ke kashe aure. Na ce su lura da lokacin da abin ke tashi. Da suka lura, sai ga shi kusan kullum da la'asar ne, lokacin da yara sun dawo daga islamiyya, ana daka, rediyo na yi, awaki na kuka. Ƙwaƙwalwar da ta ji ciwo tana gajiya da wuri, hayaniya kuma ta fi ƙarfinta. Aka mayar da shimfiɗarsa ɗakin da ke can ƙuryar gida, aka sa ya riƙa kwanciya bayan azahar. Mutum ɗaya ke yi masa magana a lokaci guda, gajeriyar magana, a ba shi lokaci ya amsa, ba a ƙarasa masa zance. In ya harzuƙa ba a jayayya da shi, ba a ce "ka tuna jiya ka ce kaza." A janye yara, a fita tsakar gida, a bar shi ya huce; sau da yawa bayan kwata ɗaya ya manta da abin. Adda da wuƙa da gatari aka kai su gidan ƙanen. Na kuma faɗa a gaban kowa, da gangan, cewa in ya kai ga duka, ita da yara su tsallaka gidan Alhaji, kuma wannan ba yaji ba ne. A gaya wa likita, akwai magungunan da ke rage abin. Asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure da na Dawanau a Kano suna duba irin wannan, zuwa can kuma ba shi ne hauka ba.

Mantuwa kuwa dabara take so. Komai a ajiye shi wuri ɗaya kullum: buta nan, takalmi nan, carbi nan. Abinci a lokaci ɗaya. Ita da kanta ta gano a bar kwanon da ya ci a gefensa har zuwa abinci na gaba, in ya ce bai ci ba sai ya gani da idonsa, ba sai an yi musu ba. Sallah kuma ƙanen ke biyowa su tafi masallaci, a bayan liman babu ruwansa da ƙirga raka'a. Wannan kaɗai ya rage masa kukan nan. Magani na safe da yamma muka ɗaura shi a kan asuba da magariba, tazararsu ta yi kusa da awa 12, kuma ba wanda ke mantawa da su.

Maganin na farfaɗiya ne, don a wata na huɗu ta buge shi a tsakar gida. Wannan yakan biyo bayan bugun kai mai tsanani, wani bayan watanni, wani bayan shekaru. Ranar kowa gudu ya yi, wai kada yawunsa ya taɓa su. Farfaɗiya ba a ɗaukarta, ko ta yawu ko ta numfashi. In ta tashi, a kawar da wuta da duk abin da zai ji masa ciwo, a sa zane a ƙarƙashin kansa, kada a danne shi, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu. In jijjigar ta lafa a juya shi ya kwanta ta gefe. In ta wuce minti 5, ko ta sake tashi bai farfaɗo ba, sai asibiti. Maganin kuma ba a yanke shi don an ga sauƙi ko don kuɗi sun yanke, domin tsayar da shi kwatsam yakan tayar da ciwon fiye da da. In kuɗin ne matsala a faɗa wa likita, akwai masu sauƙin kuɗi. In azumi ya zo a tambayi likita kafin a sauya lokacin sha. Ban da hawa babur, ban da jan ruwa a rijiya, ban da hawa bishiya sassabe, har sai likita ya yarda. Sannan a yi hattara da kemis: tiramol da samari ke sha don ƙarfin noma yana tayar da farfaɗiya, kada wani ya ba shi da sunan maganin ciwon kai.

Shi ya yi sa'a yana tafiya. Wanda aka dawo da shi a kwance, a riƙa juya shi duk awa 2 don gudun gyambon kwanciya, a riƙa miƙe masa gaɓoɓi kamar yadda masu gashi na asibiti suka nuna, kuma kada a ba shi kunu ko fura yana kwance. A zaunar da shi, loma ƙanana. In yana ƙwarewa ko tari duk lokacin da ya sha ruwa, a sanar da mu, don abin da ya bi ta huhu shi ke kawo zazzaɓi da ciwon ƙirji.

Sai ita matar. A nan na ɗan yi zafi, na sani. Ita ce mai girki, ita ce mai wanki, ita ce mai tashi cikin dare, ita ce mai shan zagi, ga goyo, ga ƙuli-ƙulin da take yi ya tsaya, adashi ya ci ta. Duk mai shigowa "ya mai jiki" yake cewa, ba wanda ya taɓa ce mata "ke ya kike." Har sun cire babbar 'yarsu daga makaranta don ta taya ta. Na ce wa Alhaji, "Ku 'yan'uwansa ne na jini, in wannan baiwar Allah ta faɗi, wa zai riƙe muku shi?" Aka raba kwana. Ƙanen ya ɗauki yini biyu a mako, tsohuwar ta ɗauki yaran da rana, Alhaji ya ɗauki kuɗin magani da noman gonar da ta rage. Yarinyar ta koma aji. Mai jinya da ta daina barci, ta daina cin abinci, take kuka ba dalili, ita ma mara lafiya ce, a kawo ta mu gani.

Wani abu kuma da nake so kowane gida ya riƙe, don gobe. Mutum zai iya faɗuwa, ya suma, ya tashi ya karkaɗe riga yana dariya, alhali jini na taruwa a cikin kansa. Bayan 'yan awoyi sai ya fara gyangyaɗi, daga nan ba ya tashi. Duk wanda ya bugu a ka, a sa masa ido kwana biyu. In ya yi ta amai, ko ciwon kai na ƙaruwa, ko barcin da ba a iya tashinsa, ko ruɗewa, ko jijjiga, ko jini ko ruwa fari na fita ta kunne ko hanci, ko hannu da ƙafa na gefe ɗaya sun mutu, ko baƙin tsakiyar ido ɗaya ya fi ɗaya girma, kada a jira gari ya waye, kada a tsaya wurin mai ɗori. Wajen ɗaukarsa a riƙe kai da wuya su tafi tare da jiki, kada a naɗe shi a kan babur. Hoton cikin kai da ake kira siti sikan ke nuna jinin, kuma akwai likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Tsofaffi nasu yakan yi jinkiri: Baba ya zame a bakin masai, an manta, bayan mako uku ko wata guda ya fara ruɗewa yana jan ƙafa, sai a ce tsufa ne. Sau da yawa jini ne ya taru a hankali, kuma ana iya cire shi.

A shekarar 2009, da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta tilasta sa hular kwano, 'yan acaɓa a Kano ƙwarya suka riƙa kifawa a ka, duniya ta yi ta dariya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hular da aka sa daidai, aka ɗaure igiyarta, tana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa har zuwa kashi 74 cikin 100. Na san ana kukan zafi, ana kuma cewa ba a sa hular da wani ya sa. To ka sayi taka. Kuɗinta bai kai na ƙafa ɗaya ta san da aka sayar ba.

Makon jiya na bi ta gidan, wata goma sha ɗaya ke nan da faɗuwar. Na tarar da shi a zaure kan tabarma yana ɓare gyaɗa, matar ta koma yin mai da ƙuli-ƙuli, shi ke ɓare mata kwano biyu kafin azahar. Ita ba ta nan, ta tafi suna ƙauyensu, fitarta ta farko tun ranar. Ya amsa gaisuwata da fara'a, ya tambaye ni daga ina, na faɗa. Muka taɓa hirar damina. Da na miƙe zan tafi ya sake tambayata daga ina, na sake faɗa. Ya ce a gaida mutan asibiti, ya kira ƙaramin ɗansa ya ce a ƙulla mini gyaɗa a leda.