Korona ta kwantar da ɗan'uwa: abin da ƙa'idar asibiti ta hana dangi, da abin da ta bar musu

Ranar da aka shigar da mai cutar korona sashen kulawa ta musamman, ƙa'idoji uku ne ke hawa kan iyalinsa lokaci guda: ta shiga ɗakin, ta sirrin majiyyaci, da ta wanda ke da ikon yanke shawara idan majiyyacin ba ya iya magana. Duk mai son tallafa wa iyalin sai ya san waɗannan, don yawancin wahalar da masu kyakkyawar niyya ke ƙara wa iyali daga rashin saninsu take.

Mu fara da hana 'yan dubiya shiga, wadda ta yi tsanani a lokacin annobar, tunda ita ce ta fi ƙona rai. Mutane da yawa sun ɗauka Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta kafa wannan doka. Ba ita ba ce. Hukumar ta ayyana dokar ta-ɓaci kan korona ranar 30 ga Janairun 2020, ta kira ta annobar duniya ranar 11 ga Maris, amma shawara take bayarwa, ba ta da iko da ƙofar kowane asibiti. Kowace ƙasa da dokarta ta cututtuka masu yaɗuwa, a ƙarƙashinta kuma kowane asibiti da tsarinsa. Sau da yawa "an hana shiga" ɗin da mai gadi ke faɗa tsarin asibiti ne, ba dokar majalisa ba. Bambancin yana da amfani ƙwarai, domin tsarin da asibiti ya rubuta, asibitin na iya sassauta shi, kuma galibi akwai wanda aka ba wannan iko, babban likitan sashen ko shugabar ma'aikatan jinya.

Hanin yana da dalili. A wannan sashen ake zura bututu a maƙogwaro, ake zuƙo majina daga huhu, ake hura iskar oksijin da ƙarfi, duk kuwa ayyuka ne da ke watsa ƙwayar cutar cikin iska. Ga shi mai zuwa dubiyar yawanci gida ɗaya suke da majiyyacin, wataƙila shi ma yana ɗauke da ita bai sani ba, zai kuma ratsa ta gaban wasu marasa lafiya da garkuwar jikinsu ta yi rauni. A 2020 akwai ƙarin dalili, takunkumin fuska da rigunan kariya ba su ishi ma'aikata ba, balle baƙi.

Sai dai samun dalili bai ba kowa damar wuce gona da iri ba. Tun 1984 masana shari'a suka taru a garin Siracusa na Italiya suka fayyace yadda gwamnati za ta iya taƙaita 'yancin mutane saboda lafiyar jama'a, bisa yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan 'yancin ɗan ƙasa da na siyasa. Sharuɗɗan su ne taƙaitawar ta kasance bisa doka, ta zama dole, kada ta wuce girman haɗarin, kada ta nuna bambanci, kuma a iya sake duba ta. Idan aka auna da wannan ma'auni, a ganina hanin da ya rufe ƙofa ruf, har ga wanda ake ganin ba zai kai gobe ba, ya zarce. Gwamnatoci ma sun gane haka. A tsakiyar Afrilun 2020 gwamnatin Birtaniya ta sanar cewa a duk inda zai yiwu a bar makusanta su yi bankwana da mai mutuwa. A 2022 jihar Florida ta Amurka ta kafa dokar da ta tilasta wa asibitoci barin ziyara a wasu yanayi, ciki har da ƙarshen rai. A Ingila kuma, daga Afrilun 2024, barin ziyara ya shiga cikin ƙa'idojin da ake bin diddigin asibitoci da gidajen kula da tsofaffi a kansu. Ita kanta dokar ta-ɓacin, Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye ta ranar 5 ga Mayun 2023.

Don haka iyali na da hurumin tambaya, cikin ladabi amma ba tare da jin kunya ba. A nemi ganin tsarin a rubuce. A tambayi waɗanne yanayi aka keɓe, domin asibitoci da yawa suna keɓe wanda ke gargarar mutuwa, da ƙaramin yaro, da mai larurar mantuwa ko naƙasar da ba ya iya bayani sai da mataimaki. A tambayi wa ke ba da izini, kuma a nemi a rubuta a fayil cewa idan jiki ya rikice a kira su komai dare. Wannan tambaya ta ƙarshe tana da nauyi a bakin mata ko ɗa, shi ya sa yana da kyau wani na kusa ya tuna musu ita tun da sauran lokaci. In an ba da izini, akan bar mutum ɗaya ko biyu, na ɗan lokaci, cikin kayan kariya. In ba a bayar ba, a nemi kiran bidiyo, ko a ɗora waya kusa da kunnen majiyyacin.

Ƙa'ida ta biyu ita ce sirri. Labarin ciwon mutum mallakinsa ne, ko da yana kwance bai san inda kansa yake ba. A Amurka dokar da ake kira HIPAA, ta 1996, ta yarda likita ya yi wa dangin da ke da hannu a jinya bayanin abin da ya shafe su, idan kuma majiyyaci ba ya cikin hayyacinsa likitan ya duba abin da ya fi masa alheri. Ƙasashe da yawa suna da makamanciyarta. A aikace abin da asibiti ke yi shi ne ya ce iyali su fitar da mutum ɗaya, shi kaɗai za a riƙa kira. Wasu har kalmar sirri suke ba shi, don kada wani ya bugo waya ya yi ƙaryar dangantaka.

A nan ne mai taimako ya fi yin kuskure, a nan ne kuma ya fi amfani. Kada ka kira asibiti da kanka. Ma'aikaciyar jinya a wannan sashen majiyyaci ɗaya ko biyu take riƙewa a lokacin zaman lafiya, don ba a ɗauke ido daga kansu, kuma duk wayar da ta fito amsawa sai ta tuɓe kayan kariya ta sake sa wasu. Kada kuma ka ce kana da wani sananne a ciki da zai leƙa maka fayil. Leƙen nan laifi ne da kan iya raba shi da aikinsa, kuma gutsuren labarin da zai kawo maka ya fi rashin labari illa. Haka sa hoton majiyyaci ko sunan ciwonsa a Facebook ko WhatsApp da sunan neman addu'a: sai iyalin sun yarda, kuma iya abin da suka yarda da shi. Aikin da ya dace da kai shi ne ka tsaya tsakanin wakilin iyalin da sauran jama'a. Ya faɗa maka sau ɗaya, kai ka isar wa masu tambaya, wayarsa ta huta don kiran likita ya same shi. In ya yarda, ka zauna kusa lokacin kiran da biro da takarda, domin mutumin da ke cikin tashin hankali rabin abin da aka faɗa masa yake riƙewa.

Akwai kalmomin da za ku riƙa ji. Idan aka ce "yana nan yadda yake", ana nufin bai ƙara tsanani ba, ba a ce ya samu sauƙi ba. Idan aka ce an sa shi barci, da gangan ne, don jikinsa ya daina kokawa da na'urar numfashi. Kifa shi rub-da-ciki na sa'o'i masu yawa magani ne, yana buɗe ɓangaren huhun da ke ta baya. Za ku ji sunan maganin dexamethasone: babban gwajin da aka yi a Birtaniya ya nuna a Yunin 2020 cewa yana rage mace-mace da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsakanin waɗanda ke kan na'urar. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce na masu tsananin ciwo ne, ba na wanda cutar ta kama sama-sama ba, saboda haka kada wani a gida ya saya ya sha don ya ji ana ba ɗan'uwansa. Kada kuma a aika wa majiyyaci wani magani daga waje a ɓoye.

Ta uku ita ce mafi wuya. Muddin majiyyaci yana cikin hankalinsa, shi ke da ta cewa a kan jikinsa, ko da dangi ba su so zaɓinsa ba. Idan ya fita hayyacinsa, ƙasashe sun sha bamban. A Ingila da Wales, dokar 2005 kan ikon yanke shawara ba ta ba makusanci iko don kusancinsa kawai ba. Likitoci ne ke yankewa bisa maslahar majiyyacin bayan sun tuntuɓi iyali, sai fa in tun yana lafiya ya naɗa wakili a rubuce kan al'amuran lafiyarsa. A yawancin jihohin Amurka kuwa doka ta jera waɗanda ake bi, galibi miji ko mata, sai manyan 'ya'ya, sai iyaye. Duk da bambancin, tambayar da ake yi wa iyali iri ɗaya ce: da zai iya magana, me zai ce? Ba ra'ayinsu ake nema ba, shaida ake nema a kan halinsa da imaninsa da abin da ya taɓa faɗa. Wanda ya fahimtar da iyali wannan ya sauke musu kaya mai nauyi, don da yawa sukan fito daga ganawar suna jin kamar su aka ɗora wa hukuncin rai da mutuwa.

Idan likita ya kawo maganar cewa ba za a danna ƙirji don tayar da zuciya ba in ta tsaya, wannan shawara ce a kan aiki guda ɗaya. Oksijin da magani da rage raɗaɗi duk suna ci gaba. Iyalin da hankalinsu bai kwanta ba suna iya neman a sake zama da su, ko a kawo wani likitan ya duba, kuma inda saɓani ya ƙi ƙarewa kotu ce ke rabawa.

Saura su kansu mutanen gidan. A 2020 wanda ya yi cuɗanya da mai korona kwana 14 ake killace shi. A Janairun 2023 shawarar Hukumar ta koma kwana 10 daga fara alamu ga wanda ya kamu, kwana 5 ga wanda gwaji ya nuna yana da ita ba tare da alamu ba, kuma ƙasashe da dama sun sassauta fiye da haka. In suna killace, a kai musu kayan buƙata bakin ƙofa, a ɗauke musu zirga-zirga. Kada ka ce "in akwai abin da kuke so ku faɗa", ba za su faɗa ba. Ka ce gobe za ka kai wa majiyyacin cajar waya da tabarau, bayan wakilin ya tambayi sashen abin da suke karɓa. Ka kuma tuna musu su nemi takardar shaidar kwanciya daga asibiti tun yanzu, domin wurin aikin majiyyacin da na mai jinyarsa da kamfanin inshora duk za su nema, kuma asibiti ba zai miƙa ta ga kowa ba sai wanda sunansa ke cikin fayil.