Shin da gaske za a ci mai shago tarar miliyan 10 don ya yi amfani da ChatGPT?

Makon jiya bayan sallar Isha'i wani Alhaji mai sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari ya kira ni hankalinsa a tashe. An turo saƙon murya a zauren WhatsApp na 'yan layinsu, wai gwamnati ta kafa doka, duk ɗan kasuwar da aka samu yana amfani da manhajar ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT ko Meta AI a harkar shagonsa za a ci shi tarar Naira miliyan 10, ko a ɗaure shi. Ya ce, "Malam, yaron shagona da abin nan yake yi mini lissafi. In sa shi ya goge?" Na ce, "Alhaji, kada a goge tukuna. A fara nuna mini abin da yake zuba masa."

Dokar da ake magana a kai tana nan, kuma ba sabuwa ba ce. Ita ce Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 12 ga Yuni, 2023. Ita ta kafa hukumar kare bayanan jama'a ta ƙasa, wato NDPC, da Dakta Vincent Olatunji ke jagoranta. Babu sashe ko ɗaya a cikinta da ya haramta ƙirƙirarriyar basira, ba ta ma ambaci sunan wata manhaja ba. Abin da take tsarewa shi ne bayanan mutane: suna, lambar waya, adireshi, hoto, NIN, BVN, lambar asusu, da duk abin da za a iya gane mutum da shi. Ta shafi duk mai tara irin waɗannan bayanai don sana'a, daga banki har mai POS, mai kemis da makarantar unguwa. Abin da mutum ya ajiye don harkar kansa da gidansa ba ya ciki.

Maganar miliyan 10 daga sashe na 48 aka tsinto ta, aka yanke mata kai da ƙafa. Sashen ya kasa masu riƙe da bayanai gida biyu. Waɗanda doka ta kira masu babban muhimmanci, iyakar tararsu Naira miliyan 10 ce ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin da suka shigar a shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Sauran kuwa, miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100, nan ma wanda ya fi yawa. A lura da kalmar iyaka. Wannan shi ne ƙarshen inda tara za ta iya kaiwa, ba farashin da aka yanka wa kowane laifi ba ne. Kafin a kai nan sai an yi ƙorafi ko hukuma ta buɗe bincike, an ji ta bakin wanda ake zargi, an duba girman ɓarnar, yawan mutanen da abin ya shafa, ko ganganci ne ko sakaci, da kuma irin haɗin kan da ya bayar. Wanda bai gamsu da hukuncin ba yana da kwana 30 ya garzaya kotu. Ɗaurin da ake tsorata mutane da shi yana sashe na 49, bai wuce shekara ɗaya ba, kuma na wanda hukuma ta ba shi umarni ne ya yi kunnen ƙashi. Tarar da ta yi amo zuwa yanzu a kan manya ta faɗa: bankin Fidelity miliyan 555.8 a Agustan 2024, kamfanin Multichoice miliyan 766 a Yulin 2025.

Duk da haka akwai abin da bai kwanta mini ba a lissafin nan. Shagon da ke shigar da miliyan 30 a shekara, kashi 2 cikin 100 nasa dubu 600 ne, amma iyakar tararsa miliyan 2 ce, wato kusan kashi 7 cikin 100 na cinikinsa, ba ma ribarsa ba. Sai cinikin mutum ya haura miliyan 100 kafin kashi 2 ɗin ya zama ma'auninsa. Ga kuma batun rajista: ƙa'idar hukumar ta ce wanda ya sarrafa bayanan mutum sama da 200 cikin wata shida yana iya shiga sahun masu babban muhimmanci, ya yi rajista da Naira dubu 10 a matakin ƙasa. An cire ƙananan 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu waɗanda abin da suke ajiyewa bai wuce lambobin waya da rasit da adireshi ba. Amma ƙaramar makarantar kuɗi mai ɗalibai 250 ta faɗa sahu ɗaya da banki wajen iyakar tara. Wannan ya yi wa ƙaramin nauyi, kuma ya kamata 'yan majalisa su sake dubawa.

Washegari na je shagon. Yaron ya buɗe mini wayarsa, na ga abin da yake yi. Littafin bashi yake ɗauka a hoto shafi-shafi ya tura wa manhajar ta haɗa masa jimilla. A shafi guda akwai sunan wata Hajiya, lambar wayarta, turmi nawa ta ɗauka, nawa ta biya, da wata 'yar kalma da Alhaji ya rubuta a gefe kan jinkirin biyanta. Yaron bai yi da mugun nufi ba, kuma lissafin ya fita daidai. Sai dai asirin matar nan ya bar Kano ya tafi rumbun wani kamfani a ƙetare ba da saninta ba. Nan ne dokar ta shigo. Sashe na 29 yana buƙatar yarjejeniya a rubuce tsakaninka da duk wanda ka miƙa wa bayanan mutane ya yi maka aiki da su, sashe na 41 zuwa 43 kuma sun gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanai waje. Ba ƙananan shaguna kaɗai ke wannan kuskure ba. A 2023 kamfanin Samsung ya hana ma'aikatansa amfani da ChatGPT a na'urorin aiki bayan wasunsu sun zuba masa bayanan cikin gida.

To yaya za a gwada sabuwar manhaja kafin a amince mata? Ni abin da nake sa mutane su yi shi ne su shafe mako guda suna ba ta sunaye da lambobin ƙarya. A nan za a ga ko tana kuskuren lissafi, domin tana yi, kuma cikin ƙarfin hali. A wannan makon ne za a bincika wane kamfani ne ya yi ta, ko tana koyo da abin da ka rubuta mata, ko ana iya kashe wannan, ko za ka iya goge abin da ka saka. ChatGPT na kyauta yana iya amfani da hirarka wajen horar da shi sai ka shiga saiti ka kashe. Abin da ka rubuta wa Meta AI a WhatsApp kuma kamfanin Meta na iya gani, ba kamar saƙonka da ɗan'uwanka ba. Manhajar da aikinta rubuta talla ne amma take neman izinin shiga lambobin wayarka da hotunanka, a rabu da ita. Ba mu manta da manhajojin bashi da suka riƙa tura wa dangi da surukai saƙon cin mutunci ba, ta wannan ƙofar suka shiga.

Masu ba da rance da masu ɗaukar ma'aikata su kula da sashe na 37. Ba a yarda na'ura ita kaɗai ta yanke wa mutum hukuncin da zai taɓa rayuwarsa ba, sai in kwangila ce ta buƙaci haka, ko wata doka, ko shi ya amince. Ko a nan ma yana da damar cewa ɗan'adam ya sake dubawa. Idan kuma bayanan kwastomomi suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da su, sashe na 40 ya ba da awa 72 a sanar da hukuma.

A shagon Alhaji ba mu goge manhajar ba. Mun goge hotunan littafin bashi daga cikinta, mun kashe saitin horarwa, yaron ya koma ba kowane kwastoma lamba: 1, 2, 3. Adadin kuɗi kaɗai yake turawa, sunayen suna nan cikin littafi a aljihun tebur. Rubutun tallar kayan Sallah kuwa ya ci gaba da yi da ita kamar da, tun da babu sunan kowa a ciki.