Ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo: lambar da asibiti ke rubutawa, M ce ko Q?

Jama'a, duk wanda aka taɓa ba shi takardar sallama ko fom ɗin inshora a asibiti ya san akwai wani abu da ake rubutawa kusa da sunan ciwo, harafi ɗaya sai lambobi, kamar M21.7. Wasu na ɗauka lambar kati ce ko ta gado. A'a, lambar ciwon ce kanta, daga kundin ICD na Hukumar Lafiya ta Duniya wanda ya ba kusan kowace cuta da rauni lambarta. Bugu na 10, wato ICD-10, aka fara aiki da shi a 1994 kuma shi ma'aikatan rekod ɗinmu suka fi sabawa da shi, na 11 ya fara aiki a Janairun 2022 amma ƙasashe a hankali suke komawa kansa.

To batun mai gajeriyar ƙafa, ƙa'idar ba ta fara tambayar yaya yake ɗingishi ba, tambayarta ta farko ita ce: haka aka haife shi ko daga baya ne? In daga baya ne, M21.7. In da shi aka zo duniya to ya fita daga gidan M, na ciwukan ƙashi da gaɓoɓi, gaba ɗaya ya koma Q72, inda ake jera nakasun ƙafa na haihuwa, Q72.4 in ƙashin cinya ne bai cika ba, Q72.5 ƙashin ƙwauri, Q72.6 siririn ƙashin nan na gefen ƙwauri, gajartar ƙafa ta haihuwa kuwa da ba ta shiga waɗannan ba sai Q72.8. Kundin da kansa ya rubuta a ƙarƙashin M21 cewa na haihuwa ba nan suke ba, don haka ba son ran mai rubutu ba ne.

Nan Gombe dai gaskiya na daga baya ne muka fi gani a titi. Yaro ya faɗo daga bishiya a Kumo ko acaba ya kaɗe shi a Pantami, a kai shi wajen maɗori, ƙashin ya haɗe amma a karkace ko ɗaya ya hau kan ɗaya, shekara ta zagayo a ga yana tafiya yana jirkicewa. Wani kuma karayar ta taɓa wurin da ƙashi ke tsiro kusa da gwiwa, sai wannan ƙafar ta rage girma ɗayar na ta tafiya abinta. Ga ciwon ƙashi mai ruwa da ya daɗe, ga masu sikila da kan ƙashin ƙugunsu ke mutuwa, ga kuma shan inna. An ayyana Najeriya ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a Agustan 2020, amma manyan da ta taɓa tun suna yara suna nan tare da mu a kasuwa da masallaci.

Shi ya sa lamba ɗaya ba ta cika isa ba. A tsarin ICD-10, abin da ake dubawa yau shi ake sa wa a gaba, wato gajartar ƙafar, sannan a bi shi da lambar abin da ya bar ta. Mai shan inna M21.7 sai B91. Wanda tsohuwar karayar cinya ta bar masa, M21.7 sai T93.1. Kuma ana iya ƙara lamba ta biyar don a nuna wuri, 5 ƙugu da cinya, 6 ƙwauri.

Wanda ya buɗe intanet zai ci karo da irin su M21.751 ko M21.762 ya rikice. Wannan na Amurka ne, ICD-10-CM, da suka koma kansa a Oktoban 2015, su sun ƙara dama da hagu: 751 cinyar dama, 752 cinyar hagu, 761 ƙwaurin dama, 762 na hagu. Kuma suna da wata ƙa'ida da ni dai ta burge ni, cewa gefen da za a rubuta shi ne na ƙafar da ta fi gajarta. Ka ga kamar ba sai an faɗa ba ko? To akwai yaran da in ƙashin cinyarsu ya karye, wajen warkewa jini na yawan zuwa wurin sai ƙafar da ta karye ta zarce lafiyayyar da kusan santimita 1. Uwa za ta ce ai ƙafar dama ce ta karye, likita ya auna ya ga hagu ce gajera, lamba kuma hagu za ta bi. Ba kuskuren ma'aikacin rekod ba ne.

Sai kuma wanda ƙafafunsa daidai suke amma yana tafiya kamar ɗaya gajera ce, saboda ƙugu ya karkace ko ƙashin baya ya lanƙwashe ko jijiya ta ɗaure. Wannan bai shiga M21.7 ba sam, lambar ainihin matsalar ake nema, misali M41 in lanƙwasar baya ce. Hanyar rarrabewa ita ce awo: likita ya sa tef daga tsinin ƙashin ƙugu na gaba zuwa idon sawu na ciki, ko ya tsayar da mutum ya dinga sa katako ƙarƙashin gajeriyar har ƙugu ya daidaita, in ana son tabbaci a yi hoton ƙashi.

Me ya shafe ka da duk wannan? Dokar NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya, a jiha kuma muna da tamu hukumar GoHealth, Bauchi suna da tasu hukumar, kuma duk inda wani zai biya wa wani kuɗin magani takarda ce ke magana. Haka in za a tura ka asibitin ƙashi na Dala a Kano ko waje. Ma'aikacin rekod ba ya ganin ƙafarka, abin da likita ya rubuta kawai yake juyawa zuwa lamba, likita kuma abin da ka gaya masa da abin da ya auna. Don Allah a daina ɓoye zuwa wajen maɗori don tsoron faɗan likita, a faɗi shekarar da aka karye da ƙafar da ta karye, in tun yana rarrafe aka lura a faɗa, wannan kaɗai na iya mayar da M ta koma Q. Amma fa lamba ba alƙawarin biya ba ce kuma ba takardar shaidar nakasa ba ce, abin da inshora ke ɗauka yana cikin tsarin da ka yi rajista.

Abu ɗaya da lambar ba ta ɗauke da shi shi ne santimita nawa, alhali magani a kansa yake. Ƙasa da 2 yawanci a bar shi ko a sa ɗan tudu a cikin takalmi, daga 2 zuwa 5 a ƙara wa takalmi tsayi ko a yi wa yaro mai girma aikin rage saurin doguwar ƙafar, sama da 5 ne ake maganar ja wa ƙashi tsawo da ƙarfe, kusan milimita 1 a rana. Don haka kafin ka bar ɗakin likita ka roƙe shi ya rubuta awon a takardarka, da gefe, da ƙashin.