Kare hanji daga illar magungunan kumburi

Magungunan kumburi da raɗaɗi irin su ibuprofen, diclofenac, naproxen, piroxicam da asfirin suna aiki ne ta hanyar toshe sinadarin da ke haɗa wani sinadari mai suna prostaglandin a jiki, kamar yadda masanin magunguna John Vane ya bayyana a 1971. Prostaglandin ɗin nan kuwa shi ke sa bangon ciki da hanji su fitar da yauƙin da ke kare su, jini kuma ya riƙa ratsa su sosai. In ya yi ƙasa, sai gyambon ciki ko na hanji.

Illar ƙaramin hanji ta fi ta ciki ɓoyuwa. Hanta tana sarrafa diclofenac ta zubo shi cikin ruwan matsarmama, ƙwayoyin cutar hanji su warware shi, ya sake taɓa bangon hanji. Shi ya sa ko allura ba ta kuɓutar da mutum. Sau da yawa ba a jin zafi, sai ƙarancin jini, kasala, ko bayan gida baƙi kamar kwalta. In aka daɗe ana sha, tabo na iya tsuke hanjin har ya toshe.

Cikin magungunan kariya, omeprazole yana kare ciki da farkon hanji ta hanyar rage tsami, amma kariyarsa ba ta kaiwa sauran hanji, kuma akwai binciken da ke nuna yana iya ƙara ɓarnar can. Misoprostol, mikrogiram 200 sau biyu zuwa huɗu a yini, yana maye gurbin prostaglandin, sai dai yana jawo gudawa, kuma mai juna biyu ba ta shan sa don yana zubar da ciki. Celecoxib, wanda shi ma maganin kumburi ne, ya fi sauƙi ga hanji, amma mai ciwon zuciya sai da izinin likita.

Babbar kariya ita ce rage yawa da kwanaki. Ibuprofen kada ya wuce miligiram 1,200 a yini ba tare da likita ba. Ciwon gwiwa ko baya, a fara da farasitamol ko diclofenac na shafawa.

A Zariya wata matsala ita ce "haɗi", ƙullin ƙwayoyi da 'yan dako da 'yan acaɓa ke karɓa a kemis bayan gajiyar aiki. Ƙulli ɗaya kan iya ɗaukar irin waɗannan magunguna biyu har da dexamethasone (wani nau'in maganin kumburi daban), haɗarin zubar jini ya ƙaru. Wanda ya haura shekara 65, ko wanda ya taɓa yin gyambon ciki, ko mai shan warfarin (maganin hana daskarewar jini), ya nemi gwajin jini da na H. pylori (ƙwayar cutar da ke jawo gyambon ciki), ko a asibitin koyarwa na Shika, kafin ya ɗore da shan magungunan kumburi.