Jirgin rakiya ba ɗan rakiya ba ne

In an ce jirgin yaƙi na rakiya, da yawa sukan ɗauka ɗan rakiya ne, yana bin manyan jiragen ruwa ba ya tsinana komai. Wannan zato yana ci mini rai. A Yaƙin Duniya na Biyu, wani jirgin rakiya na Amurka mai suna USS England ya nutsar da jiragen ƙarƙashin teku shida na Japan tsakanin 19 da 31 ga Mayu 1944. Ma'aikatansa sukan kasa kunne da na'urar sauraro, da sun ji motsi sai su watsa bama-bamai 24 gaba lokaci guda. Ba sa fashewa sai sun taɓa jikin jirgi, saboda haka kowa yakan yi tsit yana jiran ƙara daga ƙarƙashin ruwa.